Maradi, garin da aka yi musayarsa da kifi

Wata bakwai Inna ta yi tana jiran hanya. Yayarta ta rasu a Maradi cikin Satumbar 2023, lokacin iyaka na rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ga shi ciwon gwiwa ba zai bari a ɗora ta kan babur a ratsa da ita ta gonaki kamar yadda masu ƙarfi ke yi ba. A waya ta yi kukanta, a waya ta karɓi gaisuwa. Ranar addu'ar bakwai ta sa aka soya waina aka raba a unguwarmu a Katsina, ita kuwa ta wuni bakin gado da carbi, ba ta ce da kowa uffan ba. Da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024 muna cikin azumi, sai ta ce a bari a sha ruwa. Kwana biyar da sallah na ɗauki jakarta muka nufi tasha.

Daga Katsina zuwa Maradi bai cika kilomita ɗari ba. A da mutum kan je ya ci kasuwa ya dawo ya yi magariba a gida. Yanzu hanyar Jibiya sai da addu'a ake shigarta. Tun da muka bar gari motar ta yi tsit, kowa idonsa na kan daji, sai direba da ke rage gudu a kowane shinge yana ɗaga hannu. Sai da muka wuce Magama muka isa Ɗan Isa sannan baki ya buɗe. Jami'in da ya karɓi katin Inna yaro ne, bai wuce sa'ar autanta ba. Ya tambaye ta da Hausa, ya rubuta da Faransanci. Da ta ce gaisuwar mutuwa za ta, ya ajiye biro, ya ɗaga hannu biyu ya yi wa mamaciyar addu'a, sannan ya miƙo katin.

Daga nan na yi ta leƙen taga ina neman abin da ya sake. Kuɗi sun sake, naira ta koma jika da dala. Rubutun allon hanya ya sake. Sauran kuwa rumbunan nan ne, da karan gero da aka jingine, da gawo da ya yi kore shar tsakiyar bazara kamar yadda ya saba, da jajayen awakin da aka san Maradi da su suna kiwo a gindinsa.

Gidan Kawu na cikin tsofaffin unguwanni, ba nisa da fada. Shi kaɗai ya rage wa Inna cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, kuma ya haura tamanin. Suka zauna kan tabarma guda, ba wanda ya dubi wani, sai "ya haƙuri" da "mun gode Allah" ke kai da komo. Can babbar ɗiyar mamaciyar ta fito da wani baƙin zane na saƙi ta ajiye a cinyar Inna, ta ce tun tana kwance ta ce wannan na ƙanwarta ne. Zanen na ƙamshin turaren wuta. A gefe guda akwai ƙulli irin wanda tsofaffi ke yi, da 'yan silalla a ciki, ana jin su in an taɓa. Inna ta riƙe ƙullin cikin tafin hannunta, ba ta kwance ba, har yau ma ba ta kwance ba.

Bayan lisha aka baza tabarmi a tsakar gida. Kawu ya ce watannin da Najeriya ta yanke musu wuta duk a nan suka yi ta kwana, har sun saba. Ya juyo gare ni.

"Ɗana, ya mutanen Birni? Ya ta Korau?"

Na ce, "Ta Dikko na nan lafiya, Kawu."

Ya girgiza kai a hankali. "Ku can kuna cewa ta Dikko. Dikko na jiya na, Nasara sunka naɗa shi. Mu nan ta Korau munka sani, sarkin Katsina na can da, kuma jikokin Korau suna nan, ga gidansu can. Ran Juma'a ka tahi ka gani da idonka."

Gaskiyarsa ce, a 1906 Turawan Ingila suka ɗora Muhammadu Dikko. A makaranta an koya mini jihadi tun daga hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, da Tabkin Kwatto, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. An koya mini cewa Malam Ummarun Dallaje ya karɓo tuta, Katsina ta shiga hannu a 1807, sarakunan Haɓe suka gudu. Nan littafin ya rabu da su, kamar ƙasa ta haɗiye su. Ashe nan suka zo, tafiyar da ba ta kai ta awa biyu a mota ba in babu shinge.

Kawu ya ɗauko zaren daga inda littafina ya yar. Sarki Magajin Haladu, da aka ci su da yaƙi a Ɗankama, ya faɗa rijiya don kada a kama shi da rai. A bakin rijiyar nan sauran jama'a suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi gabas zuwa ƙasar Damagaram, suka yi shekaru suna zaman baƙunci. Wajen 1819 mutanen wannan kwari, manoma da mafarauta da suka gaji da wakilin da masu jihadi suka ɗora musu, suka yi tawaye suka kira Ɗan Kasawa. Ya zo ya zauna bakin Gulbi, cikin duhuwar da doki ba ya iya sukuwa a cikinta. Bai kira kansa sarkin Maradi ba. Sarkin Katsina ya ci gaba da amsawa, da Kauransa da Galadimansa da Durɓinsa da 'Yandakansa, sarautun nan dai da muke da ƙofofin wasunsu a Birni. Magajinsa Rauda ya mutu a Gawakuke a 1836, ranar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗakar Gobirawa da Maradawa da Buzaye. Ragowar Gobirawa suka zo suka kafa Tibiri nan kusa, garuruwan biyu suka jingina da juna, kuma har Turawa suka iso, Sakkwato ba ta ci su ba.

"Ba gudu munka yi ba, ɗana," in ji Kawu. "Ja da baya ga rago ba tsoro ba na. Ka tambaya a gaya maka wa a Ɗan Baskore."

Ba sai na tambaya ba, na san shi, ɗaya ne daga sarakunan da suka gaji Ɗan Kasawa a Maradi, amma ta wata ƙofa na san shi. Mahaifina mutumin ƙasar Ruma ne. Kakata ta wajen uba, in tana ba mu labarin da ta ji daga tata kakar, sunan Maradawa kan zo ne da asuba, da ƙura da ihu. A kwashi yara a haye duwatsu, a sauko a tarar an ƙone rumbu, an kora shanu, an tafi da wanda bai yi sauri ba. Mutumin da ake yi wa kirari a tsakar gidan kawuna shi ne dodon da ake tsorata yara da shi a gidan kakata. Na kwanta daren nan ina kallon taurari, jinin nan biyu na gudu cikin jikina, barci ya ƙi zuwa.

Da safe ɗan Kawu ya kai ni makabarta muka yi addu'a. Malamin tarihi ne a makarantar sakandare, yaran unguwa na ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a can. Daga makabarta ya goya ni a babur muka gangara kwari. Gulbi ya bushe ƙarƙaf, sai rairayi da sawun amalanke, amma gefe da gefe lambuna ne, da mangwaro da zogale da rijiyoyi marasa zurfi. Ya nuna mini inda tsohon gari yake. A 1945 ruwa ya zo ya cinye shi, Faransawa suka hau da mutane kan tudu suka yanka musu tituna miƙaƙƙu, shi ya sa Maradi ta yau take kamar an ja ta da igiya. Kawu na ɗan shekara biyar lokacin, abin da yake tunawa kawai shi ne an aza shi a wuya, ruwa na kaiwa ƙirjin wanda ya ɗauke shi.

Muka zauna gindin mangwaro, na gaya masa abin da ya hana ni barci. Na ce ni dai ba zan iya kallon jihadin Shehu a matsayin cin ƙasa kawai ba. Zaluncin da malaman nan suka yi kuka da shi gaskiya ne, harajin da ba shi da tushe, da ƙwacen dukiyar talaka, da sayar da 'ya'ya a matsayin bayi. Kuma abin da suka bari na ilmi da shari'a da rubutu muna cin moriyarsa har gobe.

Ya ce, "Ni ma ban ce ba haka ba ne. Amma ka karanta Malam Abdullahi?"

Na karanta, sai dai ban taɓa ajiye shi kusa da labarin Maradi ba sai ranar. A 1807, shekarar da Katsina ta faɗi, Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu, wanda ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto, ya bar sansani ya yi gabas da niyyar barin ƙasar baki ɗaya ya tafi Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma. A cikin wani littafinsa, Tazyinul Waraƙati, ya faɗi abin da ya kore shi. Abokansa na gaskiya sun ƙare a fagen fama, an bar shi cikin mutanen da burinsu mallakar ƙasashe da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin da ake sukuwa da su cikin gari. Wannan ba maganar maƙiyi ba ce. Mutum ne daga tsakiyar gida, shekara uku kacal da fara tafiyar, ya ga yadda tuta ke gaba, masu jakar ganima na biye. Daga can Borno kuma Shehu Laminu na rubuto wa Bello wasiƙu yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla suna azumi.

Abin da na fahimta a gindin mangwaron nan shi ne, daula in ta fara faɗaɗa, tsayawa na yi mata wuya ko da masu ita na so. Kowane mai tuta na da jama'ar da ke jiran rabo. Kowane sabon gari na ribaɗi da aka kafa a bakin iyaka na buƙatar hannuwan da za su yi noma, hannuwan kuwa daga yaƙi ake samo su. Gaisuwar da ake aika wa Sakkwato duk shekara sai an nemo ta. Su ma Maradawa haka, sarkin da ba shi da faɗin ƙasar da zai karɓi haraji, da me zai riƙe barade in ba da hari ba? Aka wayi gari tsakanin Katsina da Maradi an sami daji mai faɗi inda da garuruwa ne. Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta nan a farkon 1851 daga Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, ya wuce kangon Ɗankama, ayarinsu na sauri don tsoron mahara. Wanda ya biya kuɗin wannan dajin shi ne mai gona da mai rijiya, na kudu da na arewa.

Ran Laraba muka leƙa Tibiri, tafiyar 'yan mintoci. Muka gaida wata gwaggon matarsa, muka sha fura mai sanyi cikin ƙwarya, na ga tsofaffi da zanen Gobirci a kumatu zaune ƙofar fada. Ba mu daɗe ba, rana ta yi zafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar, daren Alhamis na gan shi. Mushe ya ɗauko wata tsohuwar taswira da yake koyarwa da ita, duk ta yage a lanƙwasa an liƙe da salatif, ya shimfiɗa kan tabarma, muka danne kusurwoyinta da kofin shayi da takalmi. Ya haska da fitilar waya. Ya ɗauko zare daga kwandon matarsa, ya danne kai guda a kan Sakkwato da babban yatsa, ya ja ɗaya kan ya zagaya.

"Ka ga wannan? Haka sunka yi."

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, ba tare da wani cikin masu sa hannun ya taɓa taka wurin ba. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya ce sun yi ta ba juna duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ya ɗan dame su shi ne ba su san takamaimai inda suke ba. Yarjejeniyar ta ce duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa rabon kamfanin Ingila, domin tun 1885 wakilin wannan kamfani na George Goldie, wato Joseph Thomson, ya dawo da takardar da suka ce Sarkin Musulmi ya sa wa hannu. A 1898 aka sake zama, aka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, daga nan layin ya miƙe gabas. Bisa wannan zanen, Maradi da Tibiri da Birnin Ƙonni duk cikin rabon Ingila suke. Da an tsaya a nan, da Inna ba ta nuna wa kowa kati ba kafin ta je gaisuwar yayarta.

Abin da ya hana a tsaya shi ne ruwa. Faransa na son hanya daga Kwara zuwa Chadi don ta haɗe abin da ta kama a Aljeriya da na yammacin Afirka da na Kwango ya zama shimfiɗa guda. Hanyar da zanen 1898 ya bar mata ta bi ta inda babu rijiyoyi. A 1899 ta turo runduna ƙarƙashin wasu hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, da 'yan tsirarun Turawa da ɗaruruwan sojojin Afirka da tarin 'yan dako da aka kamo da ƙarfi. Rundunar da ke shanye rijiyar gari cikin wuni guda ba za ta bi hamada ba, sai suka ratso ta cikin garuruwa. A Lugu Sarauniya Mangu ta tare su a watan Afrilu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Suka yi ta yowa gabas, gari bayan gari, ƙone-ƙone da rataye mutane a itatuwa da cika rijiyoyi da gawa. Labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe rundunar. Ba sai ya tambayi hanya ba, toka da ungulu suka yi masa jagora. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Ɗankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su duka biyun, kaburburansu na Maijirgi, kan hanyar Damagaram.

A Faris aka ce zafin rana ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Amma ragowar rundunar ba ta juya ba. Ƙarshen watan nan na Yuli ta kama Damagaram, a Afrilun 1900 ta haɗu da wasu rundunonin Faransa biyu a Kusuri aka kashe Rabeh, wanda ya ci Borno da yaƙi. Ba taƙi ɗaya na ƙasar da aka mayar wa masu ita. Mutanen biyu aka tsine wa, aikin da suka yi aka riƙe.

Mushe ya matsar da fitila zuwa can saman taswirar, inda babu komai sai gefen takarda, ya ɗora yatsa kan tabarma.

"Sauran labarin a nan yake, wajen da taswirata ba ta kai ba."

Can arewacin tekun Atlantika, gefen Kanada, akwai wani tsibiri mai sanyi da ake kira Newfoundland, wanda a lokacin yake hannun Ingila. Tun 1713 masuntan Faransa ke da izinin kamun kifi da shanya shi a wani sashe na gaɓarsa, Ingila kuwa ta daɗe tana son a kawar da wannan izini. Ran 8 ga Afrilu 1904 ƙasashen biyu suka zauna don kashe duk rigingimun da ke tsakaninsu. Faransa ta sakar wa Ingila mara a Masar, Ingila ta sakar mata a Maroko. Faransa ta haƙura da gaɓar kifin nan, aka biya ta da 'yan tsibiran da ke gaban Konakiri, da kuma gyaran layin da ke tsakanin Kwara da Chadi, a turo shi kudu don ta sami hanya mai rijiyoyi. Aka rubuta cewa mutanen ƙasar Tasawa da Maradi da Damagaram a bar wa Faransa su. A 1906 aka ƙarasa zanen, daga nan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu har 1908.

Na daɗe ina kallon yatsan nan nasa a kan tabarma. Kawu, da muke zaton ya yi barci, ya yi gyaran murya daga kan gadonsa na karaga.

"Wane irin kihi na?"

Mushe ya ce, "Wani fari ne na ruwan sanyi, Baba, shanya shi sukai su sa gishiri."

"Ko tarwaɗa ba ta ba," in ji Kawu, ya juya ya ba mu baya.

Akwai abin da ya fi kifin ciwo. Hujjar da Faransawa suka riƙe a teburin ciniki ita ce, Maradi da Gobir ta Tibiri da Damagaram ba su taɓa bin Sakkwato ba, saboda haka takardar Ingila ba ta hau kansu ba. Kuma gaskiya suka faɗa. Shekara tamanin da wani abu Maradawa suka yi suna zubar da jini don kada a ce suna ƙarƙashin kowa, sai ga wannan jinin ya zama shaidar da wani baƙo ya gabatar wa wani baƙo don a miƙa masa su. Mafarkin Ɗan Kasawa na komawa Birni, wanda Bello da dakarunsa ba su iya kashewa ba, alƙalami ya kashe shi.

Na tambaye shi me Faransa ta gani a wannan yashi har ta yi wannan wahala, tunda Salisbury kansa ya yi musu shaguɓe cewa ƙasa mara nauyi aka bar musu. Ya ce a tuna a 1871 Jamus ta lallasa Faransa ta ƙwace mata Alsas da Loren. Ƙasar da aka kunyata a gida tana neman inda za ta wanke fuska, hafsan da ba shi da yaƙi a Turai yana neman inda zai samo anini, kuma kowa na tsoron in bai kama ba maƙwabci zai kama. Ga masu masana'antu na neman kasuwa da ɗanyen kaya. A Yulin 1885 Jules Ferry ya tsaya gaban majalisa ya haɗa su duka a jawabi ɗaya, har ya ce jinsunan da ke sama na da haƙƙi a kan na ƙasa domin wajibinsu ne su wayar da su. Cikin makon nan Clemenceau ya miƙe a wannan zauren ya ƙaryata shi, ya ce kada a lulluɓe ƙarfin tuwo da sunan wayewa. Su ma sun sami nasu mai faɗin gaskiya daga cikin gida, kuma su ma suka wuce shi suka ci gaba.

Ba na haɗa jihadi da mulkin mallaka a ma'auni ɗaya, kuma na gaya masa haka. Ɗaya ya taso ne daga cikinmu, da harshenmu da littattafanmu da koke-kokenmu. Ɗayan ya zo ne daga ƙetare da raini a ransa tun kafin ya ga fuskarmu. Amma matar da ke bakin rijiya a Ɗankama ko a Ƙonni, da ta hango ƙura ta taso, ba ta da lokacin tambayar me aka rubuta a jikin tutar. Mushe ya ce haka yake gaya wa ɗalibansa in sun zo kan Amurka da ta cinye kusan rabin Meziko a 1848 tana cewa ƙaddararta ce, ko Hitila da ya ce Jamusawa na buƙatar filin sakewa, ko Saddam da ya mayar da Kuwaiti lardi na 19 a 1990. Ya ce kowa da sunan da yake raɗa wa yunwarsa.

Ran Juma'a na je ƙofar fada kamar yadda Kawu ya umarta. Dogarai da jajayen riguna, algaita na tashi, mahaya 'yan kaɗan, wani tsohon maroƙi da muryarsa ta dushe yana jero sunaye tun daga Korau. Da ya ce "Sarkin Katsina" sai tsigar jikina ta tashi, don a bakinsa ba tarihi ba ne, mutumin da zai fito yanzu yake nufi. Na tsaya cikin jama'a na ɗaga hannu na yi jinjina tare da kowa.

Daga masallaci Kawu ya ce in riƙe masa hannu mu ratsa kasuwa. A layin masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya tsaya, ya ɗebi gyaɗa ɓararra a tafin hannu yana murzawa. Yana saurayi aikinsa ke nan, awo a kan sikeli lokacin kaka. Ya ce bayan bindiga abin da ya zo shi ne lanho, harajin da dole a biya da kuɗin Nasara, kuɗin kuwa ba a samunsu sai an noma abin da Nasara ke saye. Ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946, wanda ya sa gidaje da yawa suka tsallaka kudu cikin dare. Kantunan kamfanonin Faransa, CFAO da SCOA, suka buɗe, gyaɗa ta mamaye gonakin gero. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta nan gyaɗar Maradi ke bi zuwa teku, don ita ce hanya mafi kusa. Abin ya tsaya wa Faransa a wuya, har a 1953 ta shirya jigilar da za ta karkatar da kayan ta Parakou zuwa Kwatano, ko da ta fi tsawo. Daga baya da fari ya kashe gyaɗa, iyakar kanta ta zama gona. Alhazan Maradi da ake ji, da yawansu da atamfa da shinkafa da taba suka tashi, kayan da ke sauka nan su kwana su tsallaka.

"Layin ga ya ci mu, mu ma mun ci shi," in ji Kawu. Ya mayar da gyaɗar cikin kwano, ya kakkaɓe hannu.

Asabar da sassafe muka yi sallama. Aka cika mana jaka da ƙuli-ƙuli da kilishi da garin zogale. Kawu ya rako mu har bakin zaure yana dogara sanda, ya ce wa Inna bikin jikanyarsa na nan bayan kaka, in an kai amfanin gona gida, kuma ita ce uwar biki tunda babbar ta tafi. Inna ta ce, "In Allah ya kai mu, Yaya, in hanya na buɗe." Ya ce, "In Allah ya kai mu."

A hanya wani fasinja ya ɗauko zancen layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai taso daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙare a Maradi. Mota ta kaure da gardama, wasu na cewa alheri ne, wasu na tambayar wa zai fi cin riba. Ni ina tunanin gyaɗar Kawu. Inna ba ta sa baki ba. Baƙin zanen na kan cinyarta, hannunta na hagu na kan ƙullin, na dama kuwa tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da muka tsaya a Ɗan Isa ina neman katinta cikin jaka, ta taɓa ni ta ce, "Saura wata shida."